An yi aiki lafiya, jinya ce ta so ta gagara

Maganar yau na san wasu za su ce ba tamu ba ce, ta masu kuɗi ce. Ku dai yi haƙuri ku bi ni har ƙasa kafin ku fara jifa.

Bara, bayan babbar salla, matar kawuna ta dawo daga ƙasar waje inda aka yi mata aikin rage ƙiba. Inna muke ce mata. Mace ce mai jiki tun tana amarya, irin wadda in ta shigo gidan biki mata ke cewa "tubarkalla, Alhaji ya iya kiwo". Sai dai jikin ya zo ya fi ƙarfinta. Ta haura kilo 130, ciwon suga ya shiga, tansiyo ya hau, gwiwa ta ƙi, salla ma a kan kujera take yi. Da dare in ta yi barci numfashinta kan ɗauke har sai ɗiyarta ta girgiza ta. Kawu ya sayar da fili guda, aka yi biza, aka tafi. Kwana huɗu bayan aiki aka sallame ta, kafin sati biyu tana gida, da jakar takardu na Faransanci da lambar wani mutum a WhatsApp wanda daga baya ya daina ɗaukar kira.

Sati uku da dawowa amai ya fara. Komi ta sa a baki sai ya dawo. Kun san gidajenmu: wannan ta dama fura, waccan ta kawo farfesu, tsohuwa na cewa "daure ki yi loma biyu, ciki ba ya zama wofi", wata maƙwabciya kuma ta rantse baki ne, an ga ta hau jirgi. Aka yi wata guda a haka. Ranar da ta tashi za ta kewaya ta yi tangaɗi, ta ce tana ganin ƙofa biyu, ta kuma kira ni da sunan babana, ranar muka ɗauke ta sai asibiti. Ba zan faɗi wane asibiti ba ne ko a wane gari, don ba ƙarar kowa na zo yi ba. Ni aka bari tare da ɗiyarta, saboda ni ke iya karanta takardun.

Mai gadin yamma ta ji an ce ta yi wata ba ta ci ba, ta rataya mata ruwan suga. Ko ni ne, abin da zan yi ke nan. Mai gadin dare ya ga amai ya ƙi tsayawa, ya ɗauko roba zai zura mata ta hanci zuwa ciki, kukan ɗiyarta ne kawai ya sa ya ce a bari sai da safe. Da asuba ta yi ƙorafin ciwon jiki, aka rubuto mana diklofenak mu sayo. Abin awon tansiyo kuwa bai zagaye damtsenta ba. Wani ya ɗaura a ƙasan gwiwar hannu, wata ta danne shi da yatsa har ya gama, na uku ya bar gurbin babu komi. Wallahi duk cikinsu babu mugu, babu malalaci. Na ga mutum ɗaya yana yawo tsakanin ɗakuna da tocilan ta salula har gari ya waye. Kowa dai ya yi abin da ya sani, kuma abin da suka sani bai zo ɗaya ba.

Da hantsi wani dattijon majo ya shigo, furfura ta gama cin kansa. Shi ne mutum na farko da ya ce in ba shi takardun, ya ja benci ya zauna ya karanta.

"Yaro, tun yaushe take amai?"

Na ce, "Wata guda ke nan, Baba."

Ya ce wa Inna, "Hajiya, bi yatsana da ido." Ya kai dama, ya kai hagu. Sai ya miƙa hannu ya rufe ruwan sugan, ya aika a kira likita. Likita ya zo ya rubuta allurar bitamin B1, a yi mata ita kafin a sake buɗe ruwan. Farmasi uku na zaga a kan kabu-kabu kafin in samu. Da na dawo na tarar majo ya yagi kwalin magani ya rubuta layi uku da babban rubutu ya ɗaure a ƙarfen gado: an yanke tumbi; kar a zura roba sai da izinin likitan fiɗa; ba diklofenak, ba ibuforofen, B1 kafin suga. Daga ranar duk wanda ya karɓi gadi, abu ɗaya ya yi.

Cikin kwana uku idonta ya daidaita, ta gane mu. Ƙafafu ne har yau take cewa kamar tana taka auduga.

Tun daga lokacin tambaya ɗaya ke cina: da majon nan yana hutu ranar fa? Ko da ya riga ya yi ritaya?

Bari in ɗan faɗi yadda aikin yake, don da yawa na zaton kitse ake zuƙewa. A'a, tumbi ake taɓawa. Wanda aka fi yi yanzu shi ne a yanke kashi 75 zuwa 80 cikin 100 na tumbin a fitar, a bar siriri mai siffar ayaba, a rufe gefensa da dogon ɗinkin ƙananan ƙusoshi. Abin da ya rage da fari bai fi ya ɗauki finjalin shayi biyu ba. Ɗayan kuma kewaye ne: a ware ɗan aljihu kamar ƙwai a saman tumbi, a haɗa shi kai tsaye da hanji, abinci ya tsallake sauran hanya. Wani likitan Amurka, Edward Mason, shi ya fara irin wannan a Iowa cikin shekarun 1960. Ba kowane mai teɓa ake yi wa ba. Akwai lissafi: ka ɗauki nauyinka na kilo, ka raba da tsawonka na mita, ka sake rabawa da tsawon. Inna mai kilo 130 da tsawon mita 1.60 ta tashi kusan 51. A 1991 masana a Amurka suka ce a yi wa wanda ya kai 40, ko 35 in yana da ciwo irin su suga. A 2022 manyan ƙungiyoyin likitocin wannan fanni suka sauko da shi zuwa 35, ko 30 ga mai ciwon suga. Aikin yana amfani, ban zo kushe shi ba. Inna ta aje allurar insulin, yanzu tana sujada da goshinta.

Amma duba abin da ke biyo baya. Bitamin B1 da jiki ke ajiyewa ba ya wuce sati biyu zuwa uku. Wanda ya yi wata yana amai rumbunsa ya ƙare, in ka ƙara masa ruwan suga, ɗan guntun da ya rage shi jiki zai ƙone don sarrafa sugan, ƙwaƙwalwa ta shiga uku. Rikicewa, ganin abu biyu, tangaɗi: wani likitan Jamus, Carl Wernicke, ya bayyana wannan ciwo tun 1881, kuma in aka makara mutum kan rasa tunaninsa har abada ko ya mutu. Robar hanci da aka tura a makance tana iya huda ɗinki. Diklofenak da ƴan'uwansa, waɗanda muke sha kamar gyaɗa, suna cin bangon tumbi su buɗe gyambo. Sannan a kwanakin farko, in ɗinki ya fara yoyo, alamar da ke riga kowace fitowa ita ce bugun zuciya ya haura 120 a minti alhali mutum na kwance, tun kafin zazzaɓi, tun kafin ciki ya yi tauri. Mai ƙiba cikinsa ba ya saurin tona asiri, hannu ba ya jin komi ta cikin kitse. Wanda ya ƙirga bugun ya rubuta, ya kuma ga yana hawa daga awa zuwa awa, shi ne ya ceci rai. Wannan kuwa aikin ma'aikacin jinya ne. Likitan fiɗa awa biyu ya yi a kanka ya wanke hannu.

Inda ake wannan aiki da yawa sun daɗe da gane haka. Wani likitan Danmak, Henrik Kehlet, ya nuna tun shekarun 1990 cewa abin da ake yi wa majinyaci kafin fiɗa da bayanta, in aka tsara shi aka bi shi iri ɗaya kullum, yana rage matsala da kwanakin asibiti. Daga nan aka samu tsarin da ake kira ERAS, kuma a 2016 suka fitar da nasa na aikin rage ƙiba, suka sabunta shi a 2021. Ba wani sihiri a ciki. A tada mutum ya taka ƙasa a ranar da aka yi aikin don kar jini ya daskare a ƙafa ya tafi huhu. A ɗaga kan gado. A fara da kurɓin ruwa, sai abu mai ruwa-ruwa na wasu satuttuka, sai mai laushi, sannan abinci sosai. A rubuta wa zai auna me, ƙarfe nawa, kuma in lamba ta kai kaza wa za a tasa daga barci.

To, na ji ku. Kuna cewa: Malam, a Madarumfa kake fa. Garin da duniya ta sani da tamowa, inda ake auna damtsen yara da ɗan tef mai ja da rawaya da kore, kai kuma ka zo mana da kukan waɗanda abinci ya yi wa yawa? Nan ma ba a yin aikin, sai ka tafi can inda jirgi ke kaiwa.

Gaskiya ne ba a yi nan. Amma ana dawowa nan. Ku buɗe Facebook ko TikTok ku ga tallar asibitocin Tunisiya, Turkiyya, Masar da Indiya, an haɗa kuɗin aiki da otal da mota daga filin jirgi kamar kujerar Umra. Alhazan Maraɗi da iyalansu ba kuɗin jirgi ne zai gagare su ba. Tallar ba ta faɗin wanda zai duba ka a sati na shida. Hatta Ingila, mai asibitocin da muke sha'awa, hukumominta sun sha gargaɗin ƴan ƙasar a kan zuwa waje yin irin wannan aiki, bayan wasu sun dawo da matsala wasu kuma gawarsu ce ta dawo. Ita ƙiba kuma ta daina zama ciwon Turawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2022 mutum ɗaya cikin takwas a duniya na fama da ita. A gida ɗaya a birnin Maraɗi sai ka samu jika mai tamowa da kaka mai ciwon suga, tukunya guda suke ci.

Amma babbar amsata ba ita ce wannan ba. Amsata tana cikin ita tamowar da kuka ambata.

Waɗanda suka girme ni sun tuna 2005, bayan fari da fara. A shekarar kaɗai ƙungiyar likitocin MSF ta yi jinyar yara sama da 60,000 masu tamowa mai tsanani a Nijar, mafi yawansu a jihar Maraɗi. Me ya sa aka iya? Plumpy'Nut, ƙullin gyaɗar nan, ya taimaka ƙwarai. Sai dai abin da ya fi shi shi ne an rubuta hanya guda, kowa ya bi ta. Ku shiga CRENI na nan Madarumfa, inda MSF ke aiki tare da ma'aikatan gwamnati shekara da shekaru, inda har uwaye daga Jibiya da ƙauyukan Katsina ke tsallako iyaka da ƴaƴansu. Damtse ƙasa da milimita 115, ja ne, ba gardama. Yaron da aka kwantar madarar F-75 za a fara ba shi, kaɗan-kaɗan, awa uku-uku, dare da rana, gwargwadon nauyinsa, an riga an buga jadawalin. Ba a gaggawar ɗura masa abinci don jikin da ya daɗe da yunwa abinci mai yawa kashe shi yake. Ba a rataya masa ruwa a jijiya haka kawai don zuciyarsa ba za ta ɗauka ba. Ba a ba shi maganin ƙarin jini a kwanakin farko. Sai ya farfaɗo a wuce F-100 ko ƙullin gyaɗa. Kowane gado da takardarsa, zafin jiki, nauyi, yawan madarar da ya sha da wadda ya amayar. Ma'aikaciyar da ta zo jiya da wadda ta shekara goma, abu ɗaya za su yi wa yaron. Har uwaye a ƙauye an koya wa riƙe tef ɗin su auna da kansu.

Kun ga ke nan ba mu ne za a koya wa amfanin tsari ba. Mu muka nuna wa duniya shi. Kuma in kun lura da kyau, Inna a kan gadon nan, da wata guda na amai, mai tamowa ce a cikin babban jiki. Dokar da ta hana a ɗura wa yaron CRENI abinci da gaggawa, ƴar'uwar dokar da ta hana a rataya wa Inna suga babu B1 ce. Bambancin kawai, ta yaron an buga ta an manna a bango, ta Inna tana cikin kan wani dattijo da ya kusa aje aiki.

Nan kusa da mu ma a Danja, cibiyar gyaran mata masu yoyon fitsari da aka buɗe a 2012, duk wanda ya san aikin zai gaya maka ɗinki rabi ne. Sauran rabin robar fitsari ce da ake bari wajen sati biyu, da shan ruwa da yawa, da mai duba kar robar ta toshe ko da tsakar dare ne.

Yanzu ku aje maganar masu ƙiba gefe, ku dubi waɗanda ake yi wa fiɗa a jiharmu kowace rana: mai naƙudar da aka ciro wa ɗa, mai ƙaba, yaron da taifot ta huda wa hanji, ɗan kabu-kabun da mota ta kaɗe a hanyar Ɗan Isa. A 2018 mujallar likitoci ta Lancet ta buga wani babban bincike da likitan Afirka ta Kudu Bruce Biccard ya jagoranta, a asibitoci 247 na ƙasashen Afirka 25, majinyata sama da 11,000. Mutanenmu sun fi na sauran duniya ƙuruciya, ayyukan da aka yi musu sun fi sauƙi, matsalolin da suka samu ma ba su kai na wasu wurare yawa ba, amma haɗarin mutuwarsu ya ninka biyu. Kuma kashi 94 cikin 100 na waɗanda suka mutu, bayan ranar fiɗa suka mutu. Wato ba a kan tebur ba. A ɗakin kwanciya, inda jini ke zuba a ɓoye ko ciki ke ruɓa a hankali, ba wanda ya lura sai da aka makara. Mu kuma a gida sai mu ce "an yi aiki lafiya, kwana ne ya ƙare". Kwana na ƙarewa, ba mai musu. Amma mai raƙumi ma an ce ya ɗaure sannan ya yi tawakkali.

Abin da nake nema bai kai girman gini ba. Takarda guda ce a gindin gadon duk wanda ya fito daga ɗakin fiɗa, iri ɗaya daga asibitin gunduma har zuwa manyan asibitocin Maraɗi. A jikinta gurbin bugun zuciya, numfashi, tansiyo, zafin jiki da yawan fitsari, da lokacin da za a auna kowane, kusa-kusa a awoyin farko, sannan a riƙa tazara. Likitocinmu su za su tsayar da lambobin, ba ni ba. Ni dai roƙona a ja jan layi kamar na tef ɗin damtse, wanda in lamba ta tsallake shi ba sai an yi shawara da zuciya ba, a kira likita, kuma kar a yi wa wanda ya kira faɗa don ya tada babba daga barci. Wannan na ƙarshen ya fi komi wuya a wurinmu, mun sani. Yarinya ƴar shekara 22 da ta fito makarantar lafiya bara ba za ta iya buga wa babban likita waya ƙarfe uku na dare a kan "ina ga kamar" ba. Amma tana iya cewa "Dokta, 124 ne, takarda ta ce in kira". Takardar kariya ce gare ta kafin ta zama kariya ga majinyaci.

A bayan wannan takarda sai a ƙara ɗan shafi na masu yanayi na daban, ciki har da wanda aka taɓa rage wa tumbi: layukan nan uku na majo, da bugun 120, da tambayar da ya kamata a yi wa duk mai amai da ya rame da sauri, "an taɓa yi miki aiki a ciki?" Don wasu ɓoyewa suke, kunya suke ji a ce sun sayi rama da kuɗi. Sai kayan aiki: abin awon tansiyo mai faɗin damtse ko da guda ɗaya a kowane sashe, domin ƙarami a babban hannu ƙarya yake yi, yana ƙara lamba, sikelin da ya wuce kilo 120, allurar B1 a farmasin asibiti. Duka kuɗinsu bai kai na walimar buɗe taron ƙara wa juna sani guda ba.

Sai kuma mu, masu zaman jinya. Mu daina yaudarar kanmu, rabin aikin jinya a asibitocinmu dangi ke yi. Mu ke juya marar lafiya, mu ke wanke shi, mu ke ba shi abinci, mu ke gadin ruwa kar ya ƙare iska ta shiga. Tunda haka ne, a sa mu cikin tsarin. Minti biyar ya isa a gaya wa mai zaman jinya: ga abin da za ki ba ta, ga abin da ba za ki ba ta ba ko da ta roƙe ki da girman Allah, ga alamomin da in kin gani ki ruga ki kira mu. A rubuta da Hausa, boko da ajami, a sa hoto, a yi shi da murya a tura a waya. Da an yi wa ɗiyar Inna wannan bayani tun a can inda aka yi aikin, da ba mu yi wata guda muna dama fura ba.

Kar kuma in sayar muku da abin da ba haka yake ba. Takarda kaɗai ba ta jinya. A 2008 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fito da jerin tambayoyi 19 da ake bi a ɗakin fiɗa, aka gwada a asibitoci takwas, har da na Ifakara a Tanzaniya, mutuwa ta sauko daga kashi 1.5 zuwa 0.8 cikin 100. Kowa ya yi murna. Amma da su Biccard suka koma suka gwada tsarin ƙara sa ido a kan majinyata masu haɗari a ɗaruruwan asibitocin Afirka, sakamakon da ya fito a 2021 bai nuna mutuwa ta ragu ba. Asibitoci da yawa sun kasa aiwatar da shi yadda aka tsara. Ba abin mamaki ba ne ga wanda ya kwana a asibiti. Ka ce wa mutum ɗaya mai gadin ɗakuna uku ya auna kowa awa-awa, to ka koya masa cika takarda da lambobin ƙarya ne kawai. Saboda haka duk mai neman tsari dole ya nemi hannuwan da za su riƙe shi. Ƴan sa-kai da ƴan kwantaragin da suka cika asibitocinmu, masu aiki ba tabbas, a ɗauke su aiki, a biya su kan lokaci. Wanda ya raba waɗannan buƙatu biyu, ko dai bai san asibiti ba ko yana son ya ɗora wa ƙananan ma'aikata laifin da ba nasu ba.

Wa za mu tunkara? Kowane asibiti da CSI na da kwamitin COGES, inda aka ce jama'a na da kujera. Mu matasa nawa ne muka taɓa zuwa zamansa? Akwai babban likitan gunduma, akwai hukumar lafiya ta jiha. Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo tana da sashen koyon likitanci a nan Maraɗi, ga makarantun lafiya da ke yaye ɗalibai kowace shekara, kowanensu sai ya rubuta kundin kammala karatu. Ɗalibi ɗaya ya zauna da majo-majon da suka kusa ritaya, ya kwashe abin da ke kansu ya zuba a takarda, likitoci su tace, a gwada a sashe guda na wata shida a ƙirga abin da ya canza. Ba sai an jira wata ƙungiya ta zo da farar mota ba.

Kafin in rufe, kalma biyu ga ƴan'uwana mata, don da wuya a yi maganar ƙiba a tsallake wannan. Kuna ganin ƙwayoyin sha-ka-fashe da ake sayarwa a tire a kasuwa, ana haɗa wa amare. Da yawansu deksametazon ne. Kumburi yake sa wa, fuska ta yi zagaye, ya kuma buɗe ƙofar ciwon suga da hawan jini, ya cinye ƙashi. A sha magani a ƙi ramewa a shekara 20, a sayar da fili a yanke tumbi a shekara 45, abin da ciwo. Wanda kuma likita ya tabbatar masa aikin ne mafita, ya je, amma kar ya baro can sai da rahoton fiɗar a rubuce, da sunan irin aikin da aka yi, da jadawalin abinci, da jerin bitamin da zai sha, don B12 da maganin ƙarin jini da na ƙashi wasu har ƙarshen rayuwa ne. Mace ta san ana so ta jinkirta ɗaukar ciki wata 12 zuwa 18. Azumin farko bayan aiki a tambayi likita tukuna. Kuma tun kafin a hau jirgi a samu likita a gida wanda ya yarda zai riƙa dubawa.

Inna yanzu kilo 91 take, a ɗan faranti take cin abinci, jikoki na yi mata dariya wai ta koma yaye. Kwalin nan na majo ba ta yar ba. Ta sa an kai shi wurin masu hoto an rufe shi da roba, yana cikin jakarta tare da katin ɗan ƙasa. Watan jiya zazzaɓin sauro ya kama ta muka je CSI, ma'aikacin ya ce, "Hajiya, kawo hannu." Sai ta miƙa masa kwalin tukuna.